Ku Tambaya Mu Amsa: Hutun kallon namun daji a Tanzaniya da bakin tekun Zanzibar

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ango ne mai jiran gado, bikinmu farkon watan Afrilu insha Allah, inaso bayan biki in ɗauki amarya mu tafi Tanzaniya, ni burina inga zaki da giwa a dajinsu ita kuma bakin teku takeso. Wani ejan ya tsara mana kwana 9, wai zamu shiga Tarangire da Ngorongoro da Serengeti da Ruaha sannan Zanzibar da Pemba, yace in tura rabin kuɗin yanzu. Yankari kaɗai na taɓa zuwa. Don Allah a bani shawara.
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Ango, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Kafin komai don Allah kar ka tura ko sisi sai bizarku ta fito. Fasfon Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda Tanzaniya bata basu biza a filin jirgi, sai ka cike ta intanet an miƙa takardunka ga hukumar shige da ficensu sun duba sun amince tukunna, kuma abin yana jan lokaci shi yasa ake cewa a nema tun saura wata 2 ko fiye. Mutum ya sayi tikitin da ba'a maida kuɗi, ya biya sansanin kwana a daji, ranar tafiya tazo biza shiru, wannan asarar ba ƙarama bace. Ku tanadi katin rigakafin shawara shima, wannan ruwan ɗorawan, tunda daga Najeriya zaku fito za'a iya tambayarku shi.

Sai maganar Afrilu, gaskiya wata ne mara kyau ga wannan tafiyar. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, hanyoyin daji su zama taɓo, ciyawa tayi tsawo ta ɓoye dabbobin, sansanoni da yawa na can cikin daji musamman na kudu rufewa ma suke gaba ɗaya, Zanzibar kuma a lokacin ne tafi shan ruwan sama. Eh farashi yana sauka sosai, amma amarya tazo ganin teku ta ƙare a ɗaki tana kallon ruwan sama ta taga ai ba'ayi komai ba. Indai zaku iya haƙuri ku ɗaga zuwa ƙarshen Yuni har Oktoba, lokacin rani ne, dabbobi suna taruwa a bakin ruwa ganinsu baya wahala.

Shi kuma wannan tsarin na ejan ɗinka, wallahi yawa yayi. Serengeti kaɗai ta kai murabba'in kilomita 14,750, ta ninka Yankari fiye da sau 6, daga birnin Arusha na arewacin ƙasar zuwa tsakiyarta a mota kusan wuni guda ne kuma wajen rabin hanyar ba kwalta. Ruaha kuma tana can kudu nesa, sai an sake hawa jirgi. In kuka bi wannan jerin rabin hutun a cikin mota da filin jirgi zai ƙare, kullum kuna ɗaure jaka kuna kwancewa, alhali daɗin daji yana ga wanda ya zauna wuri ɗaya kwana 3, ya fita da asuba ya dawo ya sake fita da la'asar har direbanku ya gane inda zakanya ta ɓoye 'ya'yanta ku riƙa komawa kuna dubasu. Zaɓi ɗaya zakayi, arewa ko kudu.

In arewa ce ku sauka filin jirgin Kilimanjaro, Ethiopian Airlines na zuwa can ta Addis Ababa. Kwana ɗaya a Tarangire saboda garken giwaye da manyan bishiyoyin kuka, kwana ɗaya a bakin ramin Ngorongoro, wani tsohon dutse mai aman wuta ne daya rufta ya zama ƙaton kwari mai zurfin kusan mita 600, a nan ne kuka fi sa ran ganin karkanda, sai kwana 3 a Serengeti. Abinda ke kai mutane Serengeti shine ƙaurar wasu dabbobi masu gemu, kamar ɓauna amma basu kaita jiki ba, 'yan ƙasar suna ce musu nyumbu, sun haura miliyan 1 suna tafe tare da jakunan dawa suna bin ruwan sama. Daga Janairu zuwa Maris suna kudancin Serengeti wajen Ndutu suna haihuwa, daga Yuli zuwa Oktoba suna arewacinta suna tsallake kogin Mara kadoji na jiransu a ciki. To ka tambayi ejan a wane ɓangare sansanin naku yake a watan da zakuje, don in yana kudu su kuma suna arewa ko ƙurarsu baza ku gani ba. Kuma ka sani arewacin Tanzaniya akwai tsada, kuɗin shiga Serengeti kawai wajen dala 70 ne kowane mutum a rana banda haraji, motar da zata gangara cikin Ngorongoro kuma kusan dala 300 ake biya mata. A rubuta maka ƙarara cewa waɗannan kuɗaɗen suna cikin farashin.

Ni dai da za'a bi ta tawa, ga kwana 9 da amarya mai son teku, kudu zan ce. Gandun Nyerere, wanda aka yanko daga tsohon gandun Selous a 2019, yana kusa da Dar es Salaam, ƙaramin jirgi baya cika awa ɗaya, ba cunkoson motoci, kuma ana shiga kwalekwale a kogin Rufiji ka wuce ta gefen dorina da kada giwaye na shan ruwa a gaɓa, abinda baka samu a Serengeti. Kwana 4 a can, sauran a Zanzibar, ku fara da daji ku ƙare da teku saboda tashin asuba da ƙura da jijjigar mota suna gajiyar da jiki. Tsibirin Pemba ku barshi sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Maigida ya nace sai mun kwana a irin tantin nan na tsakiyar daji, ance ko shinge babu. Ni tsoro nakeji ga yara biyu ɗan shekara 11 da 'yar shekara 4, sannan ya maganar sallah da abinci?
Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA: Hajiya gaskiya aka faɗa miki, yawancinsu ba shinge, da dare zakiji kukan kura ko gurnanin zaki, wani lokaci da safe kiga sawun giwa a bayan tanti. Amma tantin ba irin wanda kike tunani bane, ɗaki ne sosai da gado da banɗaki a ciki, wutar sola ce, ruwan wanka a wasu wuraren sai kin faɗa a ɗumama a zuba a bokitin sama. Doka ɗaya ce ba'a wasa da ita, in duhu yayi ba mai fita shi kaɗai, akwai masu gadi galibi 'yan ƙabilar Masai da zasu rakaku da tocila, kuma kar a ajiye abinci a cikin tanti. Babban naki zaiji daɗi sosai. Ƙaramar ce nake jin nauyinta, yarinya 'yar shekara 4 zata iya zuge zif ta fita da gudu kina banɗaki, sansanoni da yawa ma basa karɓar yara ƙanana haka. Ku nemi masauki na gini mai shinge, ko a barta wajen kakarta.

Sallah kuwa ki lura, a Tanzaniya alƙibla arewa take ba gabas da muka saba ba, ki duba da waya tun kina inda akwai sabis. Ba'a sauka daga mota a daji sai a wuraren da aka ware na cin abinci, don haka ku gayawa direba tun safe ya tsara muku tsayawa, kuma ku matafiya ne akwai sauƙin ƙasaru. Abinci ku rubuta musu tun wajen biyan kuɗi cewa halal kukeso ba naman alade ba giya a girki, saboda kayan abincin daga gari ake kawo musu basa iya canzawa rana ɗaya. Ki haɗa da rigunan sanyi, bakin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a sama sanyin asuba yana shiga ƙashi. Ki guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu don sune ke jawo ƙudan tsando, abaya ruwan ƙasa ko toka-toka tafi. Ku ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin tafiya, kar ace ai mun saba. In da ƙaramin jirgi zaku shiga daji kilo 15 ne kowa kuma a jaka mai laushi banda akwati, leda kuma an hanata a ƙasar tun 2019.

TAMBAYA: Wane gefen Zanzibar yafi, kuma akwai inda ba hayaniyar turawa?
Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji in iyo kakeso kowane lokaci to arewa, Nungwi ko Kendwa, amma can ne cunkoso da kiɗan dare. Gabas wajen Paje da Jambiani yafi shiru sai dai ruwan yana janyewa nesa sosai sau biyu a rana har kaga mata sun shiga suna aikin ciyawar teku da suke nomawa, sai ka jira ya dawo. Ka kwana ko ɗaya ne a tsohon gari Stone Town, kaci gasasshen kifi a dandalin Forodhani na bakin teku da dare, garin musulmi ne masallaci ko'ina. In kaɗaici kake nema sosai Pemba ce mai gonakin kanumfari, ko tsibirin Mafia inda ake ganin wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo da baya cutar da mutum daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Daga Dar es Salaam jirgin ruwa kusan awa 2 ne zuwa Zanzibar, kuma tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44 ko da yana da wata, ka biya ta intanet tun kana gida.