Dalilin da ya sa na mayar maka da fayil ɗin rijiyoyi

Ɗana, na ga takardar da ka bar mini a kan tebur. Ka ce: "Oga, na bi baucocin rijiyoyin burtsatse ɗaya bayan ɗaya, kowace da rasit ɗinta, da takardar kammala aiki mai sa hannun injiniya. Ma'aikata ta ce ta yi niyyar 40, kuma ta yi 40. Lissafi ya tashi daidai har kwabo. To me ya rage da ka mayar mini da fayil?" Na ji daɗi da ka tambaya. Yara da yawa a wannan ofis sukan haɗiye irin wannan tambaya, su gyara abin da aka ja musu layi ba tare da sun san dalili ba, baɗi kuma su maimaita kuskuren.

Aikinka a kan baucoci ba shi da aibu, na duba da kaina. Sai dai ba shi aka aike mu yi ba wannan karon. Bauca shaida ce cewa kuɗi sun fita ta hanyar da ƙa'ida ta yarda, iyakarta ke nan. Rahoton aiki kuwa magana ce da ma'aikata ta faɗa wa majalisa da jama'a: ga abin da muka yi alkawari, ga abin da muka cika. Mu aka ɗora wa nauyin mu ce maganar ta tabbata ko ba ta tabbata ba. Ana iya biyan ɗan kwangila bisa kowace ƙa'ida, mata kuma su ci gaba da zuwa rafi da jarkoki.

Bari in fara da inda ka zame. Ka ɗauki adadin niyya daga cikin rahoton da ma'aikatar ta rubuta a ƙarshen shekara. Ashe ka bar wanda ake bincike a kansa ya faɗa maka abin da ya yi alkawari. Ni na aika aka ɗauko mini shirin aikin da aka amince da shi tun farkon shekara, tare da kundin kasafin kuɗi. Ka buɗe su gefe da gefe da rahoton, ka karanta da ƙarfi. Shirin ya ce: gina sabbin rijiyoyin burtsatse 60 masu aiki da sola a ƙauyukan da ba su da ruwan sha. Rahoton ya ce: samar da wuraren ruwa 40. Abu nawa ya canza? Adadi ya sauko daga 60 zuwa 40. "Gina sabbi" ya koma "samar da", kalmar da ke iya haɗiye gyaran tsohon famfon tuƙa-tuƙa da aka sauya wa roba. Sola ta ɓace. Sharaɗin ƙauyukan da ba su da ruwa shi ma ya ɓace, don haka rijiyar da aka haƙa a harabar sakatariya ta shiga lissafi. A kan ma'aunin farko, ko da duka 40 ɗin sabbi ne masu sola, kashi biyu cikin uku aka yi. Rahoton kuwa ya rubuta kashi 100 cikin 100.

Kada ka yi saurin cewa an yi ha'inci. Ana sauya niyya da halal. A 2020, lokacin da korona ta karya farashin mai, gwamnatin tarayya ta sake kasafin kuɗinta a tsakiyar shekara, jihohi ma suka rage nasu, kuma dole ayyuka su ragu. Abin da za ka nema shi ne takarda: wa ya amince da ragin, da wane dalili, kuma a wace rana? Ranar ce ta fi komai muhimmanci. Idan an rage a watan Yuni saboda kuɗi ba su shigo ba, aka sanar da majalisa, aka kuma bayyana haka a rahoto, ba mu da ƙorafi. Idan kuwa takardar ragin ta fito a Disamba, ko ba ta ma fito ba, to an ƙirga abin da aka yi ne sannan aka rubuta shi a gurbin niyya. A nan gizo ke saƙa, kuma a shekarun da na yi ina wannan aiki, nan na fi samun matsala fiye da ko'ina.

Akwai kuma niyyar da tun asalinta ba ta aunuwa. Ka duba shafi na gaba a shirin nasu, za ka ga "inganta samar da ruwa a karkara" da "wayar da kan jama'a kan tsafta". Da wane mudu za ka auna waɗannan? Duk abin da suka ce sun yi, ba ka da hanyar ƙaryata su, su ma ba su da hanyar tabbatarwa. Sai ka ga an cike gurbin da yawan tarurruka da bitoci da aka yi a otal. Taro aiki ne, amma ba shi ne dalilin kafa ma'aikatar ruwa ba. Tun ran gini ran zane: niyyar da ba ta faɗi nawa, a ina, zuwa yaushe, kuma da wace shaida za a gane an yi ba, wannan kanta abin rubutawa ne a rahotonmu, ko da ba a ɓatar da ko sisi ba.

Bayan ka daidaita alkawari da iƙirari, sai ka koma kan adadin 40 ɗin kansa. Ana bin sa ta fuska biyu. Ta farko, daga takarda zuwa ƙasa: ka ce a ba ka jerin rijiyoyin, kowace da sunan ƙauye, mazaɓa, ƙaramar hukuma da ranar miƙawa. Idan an kasa ba ka jerin, ka riga ka sami abin rubutawa, domin adadin da ba shi da jeri a bayansa daga kan wani ya fito. Ta biyu, daga ƙasa zuwa takarda: ka ɗauki rajistar injiniyoyin shiyya da takardun miƙa aiki, ka ga ko duk abin da ke cikinsu ya shiga rahoto. Wani lokaci ma'aikata kan yi aiki fiye da yadda ta faɗa saboda sakacin mai tattara bayanai. Wannan ma kuskure ne, kuma adalci ne mu faɗa.

Ka kula da shekara. Kasafin manyan ayyuka a ƙasar nan yakan tsallaka zuwa wata shekara. Na tarayya na 2023 an yi ta tsawaita shi har ƙarshen 2024. Idan haka ta faru, rijiya ɗaya na iya fitowa a rahoton bara lokacin da aka ba da kwangila, ta sake fitowa a na bana lokacin da aka miƙa. Ka ɗauko jerin bara ka gwada sunayen ƙauyuka. Ka kula kuma da mai aikin. A ƙauye ɗaya za ka iya samun rijiyar jiha, ta ƙaramar hukuma, ta aikin mazaɓar ɗan majalisa, da ta ƙungiyar agaji, allo kuwa ba ya da wuyar sauyawa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019 saboda irin wannan, kuma fitar da jami'anta suka yi zuwa wuraren ayyukan ita ta sa 'yan kwangila da dama suka koma suka ƙarasa abin da suka bari.

Ni ma na taɓa yin irin abin da ka yi, kuma har yau yana damuna. Ina ƙarami a aiki aka tura ni duba wasu rijiyoyi. Ma'aikatar ta ba ni mota da direba da wani jami'i ya yi mini rakiya, shi ya zaɓi wuraren. Duk inda muka tsaya a bakin titi ne, ruwa na zuba, yara na wasa. Na rubuta cewa komai lafiya. Bayan wata biyu na je wani ƙauye gaisuwar rasuwa, can cikin lungu, aka kawo mana ruwan alwala jajir. Na tambaya, wani dattijo ya kai ni bayan makaranta ya nuna mini tanki a kan ƙarfe, da fenti da allo. Ya ce ranar da aka zo ɗaukar hoto da tankar ruwa aka cika shi, tun daga ranar bai sake ɗigowa ba. Sunan ƙauyen yana cikin jerin da na sa wa hannu. Ban iya cin abinci ba a gidan rasuwar. Tun daga nan ban sake barin kowa ya zaɓa mini inda zan je ba.

Don haka kai za ka zaɓa, kuma kada ka faɗi sunayen sai an shiga mota. Ka haɗa da na nesa, da waɗanda aka biya kuɗinsu a makon ƙarshe na Disamba, da na ɗan kwangilar da ya sami rijiyoyi da yawa shi kaɗai. In ka isa, ka fara da gaida dagaci ko mai unguwa, don ba a shiga garin mutane da littafi a hannu ba sallama. Sannan ka buɗe famfon da hannunka, ka bar shi ya zuba na ɗan lokaci. Ka duba ƙasan wurin: inda ake ɗiban ruwa kullum akwai laka, da sawun dabbobi, da layin jarkoki. Ka tambayi 'yan ga-ruwa da yara inda suka ɗebo ruwa jiya, su ba sa tsara magana. Ka ɗauki hoto da wayar da ke nuna rana da wurin da aka ɗauka. Gani ya kori ji, amma a wajenmu sai ganin ya shiga fayil yake zama hujja.

Wata rana za a ba ka rahoton lafiya ko na ilimi, inda nasara ke zuwa da kashi cikin ɗari. A nan ka tambayi adadin mutanen da aka fitar da kason daga cikinsu. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, yawan yaran kowace ƙaramar hukuma hasashe ne daga waccan ƙidaya, shi ya sa za ka ga rahoton rigakafi ya haura kashi 100. Binciken lafiya na ƙasa na 2018, wanda ya bi gida-gida, ya sami kashi 31 ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 da suka kammala rigakafinsu na asali. Yawan allurar da aka yi daban, yawan yaran da suka kammala daban.

Na san za ka ce wannan ya wuce abin da aka koya maka a makaranta. Gaskiya ne, kuma dokokinmu ma ba su gama kamo shi ba. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya kafa ofishin Odita-Janar na tarayya, sashe na 125 ya kafa na jihohi, amma maganarsu ta fi karkata ga asusu. Ƙasar da ta fi nisa a wannan fanni cikin waɗanda na yi nazari ita ce Afirka ta Kudu. Dokar binciken gwamnati ta 2004 a can ta wajabta wa Odita-Janar ya duba rahoton aiki na ma'aikatu da ƙananan hukumomi a kan manufofin da suka ɗaura wa kansu tun farko, kowace shekara. Tambayoyi biyu suke yi, su ne waɗanda na bi da kai a sama: shin rahoton yana da amfani, wato ya dace da shirin farko kuma yana aunuwa? Shin abin dogaro ne, wato abin da aka faɗa ya faru, adadin daidai ne, ba a bar komai a waje ba? A can hukuma ba ta samun shaidar tsabtataccen bincike don lissafin kuɗinta ya tashi kawai, sai rahoton aikinta da bin dokarta sun tsira su ma. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, ƙananan hukumomi 34 ne cikin 257 suka sami wannan shaida. Ina son mu kai can, kuma ba sai mun jira sabuwar doka kafin mu yi tambayoyin ba.

In ka zo rubutu, ka rubuta abin da shirin ya ce, abin da rahoton ya ce, abin da ka gani, da bambancin da ke tsakani. Kada ka rubuta kalmar sata, ba hurumin odita ba ne, na kotu ne. Ka aika wa babban sakatare ya ba da amsa a rubuce, ka kuma saka amsar tasa yadda ya faɗe ta. Mai yiwuwa kuɗin 20 ɗin da suka rage ba a taɓa sakar musu ba, in haka ne majalisa na bukatar ta sani, don laifin ba a ma'aikatar ruwa yake ba. Ranar da kwamitin asusun gwamnati na majalisa ya kira zama, kowace jimla da ka rubuta za a nemi takardarta.

Ka nemo jerin rijiyoyin da na bara kafin Juma'a, ka ware guda 12 da kanka, ka riƙe sunayen. Na nemi motar ofishinmu don ranar Litinin, ba za mu hau ta ma'aikatar ba. Mu tashi bayan sallar asuba, saboda na nesan sai an bar kwalta, kuma ina son mu isa lokacin da mata ke ɗiban ruwa.