Kiwon doki ga mai son barin taramol

Hajiya, kin tambaya ko bai wa ƙanenki kiwon doki zai taimaka masa ya rabu da taramol. E, yana iya taimakawa, amma ya fara ganin likita. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke dare ɗaya, ciwon jiki da gumi da rashin barci ke taso masa, shi ya sa ake rage masa sannu a hankali.

Haka muka yi da ɗan yayana a nan Tawa. Zaman fada, wato majalisar hira, da tsofaffin abokai ne ke mai da shi ruwa. Doki kuwa ba ya jira: tun asuba a share turke, a ba shi harawa da dusa, a shayar, da la'asar a fita kilisa. Bayan isha'i barci ke ɗauke yaron. Ranar da ya zo a birkice, dokin ƙin karɓar linzami yake yi, wannan ya fi faɗanmu shiga jikinsa. Amma kada ƙanenki ya hau dokin sai ya bar ƙwayar, domin taramol na kawo farfaɗiya, kuma tana iya kama shi a kan sirdi.