Ɗalibaina sun koma wa ChatGPT: in hana su ne ko yaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da lissafi a sakandare. Tun da ɗalibaina suka gano ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi a rubuce, aikin gida yake zuwa tsaf babu kuskure, amma ranar jarrabawa sai a ga wayam. Shin ƙirƙirarriyar basirar nan tana da amfani ga karatu kuwa, ko in hana su kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike gani a ajinki an riga an auna shi. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun yi gwaji da ɗalibai kusan 1,000 a wata sakandare a Turkiyya, a darasin lissafi, suka fitar da sakamakon a 2024. Waɗanda aka sakar wa GPT-4 (wani samfurin fasahar ChatGPT) yadda suka ga dama, makinsu na atisaye ya ƙaru da kashi 48 cikin 100. Da aka karɓe ta aka zauna jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17. Akwai rukuni na uku da aka ba wadda aka saita ta riƙa haska musu hanya kaɗan-kaɗan ba tare da faɗin amsa ba. Su kam ba su yi wannan asarar ba, ko da yake ba su zarce sauran a jarrabawar ba.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ta sha wuya kafin ta lalubo shi. Tun a 1885 masanin halayyar ɗan'adam Hermann Ebbinghaus ya nuna saurin da mantuwa ke yi idan ba a waiwayi karatu ba, a 2006 kuma masu bincike Roediger da Karpicke suka nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi wanda ya yi ta maimaita karantawa riƙewa bayan mako guda. Wanda ya kwafi amsa ya tsallake wannan wahalar, alhali ita ce karatun.

Duk da haka ban goyi bayan hani ba. Ko kin hana a aji, wayar tana gida. Kuma akwai wani giɓi da na'urar za ta iya taimakawa a cike. A 1984 masanin harkar ilimi Benjamin Bloom ya ruwaito cewa yaron da aka ba malami nasa shi kaɗai yana yi wa na babban aji nisa sosai. Binciken da ya biyo baya ya rage girman tazarar, amma bai kore ta ba. Wace makaranta ce za ta iya ba kowane yaro malaminsa?

Ɗauki yaron da ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Idan na'ura ta miƙa masa 5/6, gobe ma haka zai yi. Amma idan ta tambaye shi, "Tsakanin 2/5 da 1/2 wanne ya fi girma? To yaya ka ƙara wa rabi wani abu ya ragu?", nan ne zai tsaya ya yi tunani. Ki koya musu su fara da rubuta mata: "Kada ki ba ni amsa. Ki riƙa yi mini tambaya ɗaya-ɗaya har in gano inda na kauce."

Ke ma za ta rage miki aiki. Ki sa ta tsara miki atisaye hawa uku a kan darasi ɗaya, ki raba wa yara gwargwadon inda kowa ya tsaya. Wannan shi ne tushen tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, na koyar da yaro daidai da matakinsa maimakon ajinsa, kuma ya yi tasiri tun kafin zuwan waɗannan na'urori. Sai dai ki duba kowace tambaya da idonki, don tana tafka kuskure ba tare da ko ɗar ba. Kuskuren ma kada ki yar: ki rubuta shi a allo, ki ce su farauto inda ta ɓata.

Aikin gida kuwa, ki rage masa maki. Minti biyar na farkon darasi, waya a jaka, ki ba da tambaya biyu masu kama da na jiya, sannan ki kira mutum ɗaya ya fito ya bayyana yadda ya yi. Da sun ga haka za a riƙa yi kullum, kwafin zai ragu da kansa.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2023, UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar kada yaro ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji shi kaɗai sai ya kai shekara 13, don haka ki lura da 'yan ƙananan azuzuwa. Kuma don Allah kada a zuba sunayen ɗalibai da makinsu a cikinsu. Yaran da ba su da waya a gida kuma, ki buga musu atisayen a takarda, kada a bar su a baya.