Ki ƙara jinin ko ki rage? Amsa ga mai rubuta labarin ban tsoro

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na sallami yara makaranta don in amsa miki a tsanake. Kin ce kin saki shafi 12 na labarinki na matsafa, masu karatu sun rabu biyu. Wasu suna ta "wayyo Allah, a ƙaro mana", wasu kuma sun ce zuciyarsu ce kawai take tashi amma ko ɗar ba su ji ba, har wata ta ce miki kamar ta leƙa mahauta. Kina son sanin wa za ki bi.

Na taɓa zama daidai inda kike. Labarina na farko na ban tsoro a kan wata ƙungiyar asiri ne, kuma na zuba jini kamar ba gobe. Ranar da na saki shafin da aka kwantar da wani almajiri a gaban tsafi, wayata har zafi ta yi saboda sharhi. Innalillahi ta fi ɗari. Na kwana ina jin kaina. Shafi na gaba na ƙara, na gaba ma na ƙara, don na ɗauka abin da ake so ke nan. Kafin in kai shafi na 25 masu sharhin sun koma 'yan tsiraru, su ma "mun gode, Allah ya ƙara basira" kawai suke ajiyewa su wuce. Na kashe mutum bakwai a labarin, babu wanda ya tambaye ni ko sunan ɗaya daga cikinsu.

Sai daga baya na gane cewa razana daban, ƙyama daban, tsoro daban. Razana ita ce ki buɗe ƙofa kyanwa ta yi tsalle ta wuce, gabanki ya faɗi, bayan minti ɗaya kina dariya. Ƙyama a ciki take, tana sa mutum ya ture kwanon abinci. Su biyun nan suna da baki, nan take suke sa yatsa ya yi rubutu, shi ya sa su ne suke cika miki wajen sharhi. Amma jiki yana sabawa da su da wuri. Ki tuna wa kike rubuta wa: mutanen da tun suna shekara biyar suke tsugune a gefen ragon layya, suna kallon yanka da fiɗa, ana miƙa musu hanji su kai wa mata su wanke. Mai karatun da ya tashi a haka, bayanin kayan ciki ba zai hana shi barci ba.

Ba mu ne farkon masu wannan ciniki ba. A birnin Paris an yi wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo mai suna Grand Guignol, an buɗe shi a 1897, sana'arsa ke nan: ƙwaƙule ido da yankan wuya a kan dandamali da jinin ƙarya, har 'yan kallo su riƙa suma. Ya yi tashe na shekaru. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwarsa ta yi ta ja da baya, aka rufe shi a 1962, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa abin da mutane suka gani da idonsu a yaƙin ya wuce duk abin da za a ƙaga musu. Ki duba wayar kowannenmu yau, irin hotunan da ake turowa daga garuruwan da 'yan bindiga suka shiga. Alƙalaminki ba zai yi tsere da wannan ba.

Shafin da ya canja mini tunani babu ɗigon jini a cikinsa. A labarina na biyu ne, kuma don cike gurbi na rubuta shi. Wata mata mijinta ya yi tafiya, an ɗauke wuta, ta farka cikin dare ta haska fitilar wayarta a kan katifar yara don ta gyara musu gidan sauro. 'Ya'yanta huɗu. Ta ƙirga kawuna, biyar. Ta ce barci ne a idonta, ta sake ƙirgawa tana taɓa ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ta cikin zane. Biyar. Dukkansu sun juya wa bango fuska, dukkansu suna numfashi, cajin wayar saura kashi 2. A nan na tsaya na ce sai gobe.

Sharhin ranar bai kai ashirin ba, har na ji haushi. Bayan kwana uku wata baiwar Allah ta biyo ni ta gefe ta ce, "Anti, Allah ya isa tsakanina da ke, tun shekaranjiya sai na ƙirga yarana nake iya kwanciya." Wata ta ce ta fasa fita kewaye sai da aka kira assalatu. Irin wannan saƙon shi ne ma'auni, kuma ba ya zuwa da wuri, ba ya kuma zuwa a bainar jama'a, don mutum yana jin kunyar ya ce labari ya hana shi fita tsakar gida.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Sau nawa aka taɓa siffanta miki Dodo dalla-dalla a tatsuniya? Muryarsa kawai ake yi miki daga bayan gari, ke ce kike ƙarasa sauran a cikin kanki. Haka zancen mayu: ba a nuna miki yadda ake cin kurwa, cewa ake tsohuwar nan ta yaba ƙibar yaron, da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Gindin tsamiya da tsakar rana, hana zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, kiran yara su shigo gida idan magariba ta kawo kai, duk wuraren da mai karatunki yake bi kullum ne. Gidan tsafi mai jan ƙyalle da ƙoƙon kai kuwa bai taɓa shiga ba, yana rufe waya ya bar shi a can.

Ban ce ki wanke labarin tas ba. Labarin matsafa ne, dole wani wuri a ga abin da suke aikatawa, in ba haka ba mai karatu zai ce kin yaudare shi. Amma ki tara shi wuri ɗaya ko biyu, kuma ya faɗa kan wanda muka riga muka sani. Almajirin nan nawa da na ba shi shafi uku tukuna, mun ga gidan da yake wanke-wanke, mun san yana tara kuɗin mota don ya je ganin uwarsa da sallah, da layi biyu sun isa su karya zuciya. Ni kuwa na kawo shi ne kawai don a yanka.

Wani abu kuma da ban yi tunaninsa ba sai da ya faru. Wata mai karatu ta rubuto mini cewa ta daina bin labarin farkon nan, don yadda na kwatanta gawar haka aka kawo musu yayanta daga hanya. Ta ce ita ba tsoro na ba ta ba, fami na yi mata. Ban iya ba ta amsa ba sai washegari. Tun daga nan nake sa gargaɗi a saman duk shafin da yake da nauyi, balle ma wayoyinmu a hannun yara suke yini.

Game da masu "a ƙaro mana", ki gode musu, amma kada su riƙe miki alƙalami. Ki samu mutum uku da kika san ba sa yi miki kara, ki tura musu shafi biyu, kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki bari sai bayan kwana biyu ki ce, "Me kika tuna a ciki?" Wadda ta ce kamar ta leƙa mahauta ma ki sa ta cikin ukun, ki tambaye ta daidai layin da ta fara tsallakewa.