Kashi 30 ya rage, shekara nawa ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ce an tono wani ƙashi, kabon-14 (sinadarin da ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi) da ya rage a cikinsa kashi 30 cikin 100 ne, wai mu nemo shekarunsa. Na san duk shekara 5,730 yana raguwa da rabi, amma 30 ba rabi ba ne, ba kwata ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka fara. Bayan shekara 5,730 saura kashi 50, bayan 11,460 saura 25, ashe amsarka tana tsakani, kuma ta fi kusa da ta biyun. Riƙe wannan, da shi za ka gane in kalkuleta ta kai ka daji.

Irin wannan raguwa ba adadi ɗaya take cirewa kowane zagaye ba, rabin abin da ta tarar take ɗauka. Shi ya sa ake rubuta ta haka:

N = N₀ × 0.5^(t/5730)

N₀ shi ne abin da aka fara da shi, N abin da ya saura, t shekaru. Fara raba ɓangarorin biyu da N₀ tukuna. Ina nanata wa ɗalibai wannan, domin masu gaggawar danna log kafin rabawa su suka fi faɗuwa. Za ka samu 0.3 = 0.5^(t/5730).

To, nan ake cijewa: t ta maƙale a sama, ba ragi ko rabawa da zai taɓa ta. Aikin logarizim ke nan, ya sauko da lambar sama ta zama abin ninkawa, wato log(aˣ) = x × log a. Don haka:

log 0.3 = (t/5730) × log 0.5

t = 5730 × (−0.5229 ÷ −0.3010), kimanin shekara 9,950.

Ka ga ta faɗa inda muka yi tsammani. Kada alamar ragi ta tsorata ka, duk lambar da ke tsakanin 0 da 1 log ɗinta ƙasa da sifili yake, biyun kuwa suna kashe juna. Ko log ka danna ko ln (wani nau'in logarizim da ke kan kalkuleta), amsa ɗaya ce, muddin ba ka gauraya su ba.

Yanzu gwada da ayodin-131, wanda ke raguwa da rabi cikin kimanin kwana 8: yaushe zai koma kashi 10? Ya kamata ka samu kusan kwana 26.6.