Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gwajin CRP ɗin Babanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce yau kwanansa uku da aikin ciwon dajin hanji, gwajin jininsa na CRP ya fito 190, an ce a sake gobe da jibi, ke kuma kina ganin ya fara kurɓar ruwa har yana hira, kuɗin gwajin ya yi muku yawa, ko a haƙura da shi a nemi sallama. Don girman Allah kada ku haƙura. Ko rance ne ki ci, a yi gwajin nan. Ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, don abin da ya sami maigidana ke nan.

Ki kwantar da hankalinki tukuna, 190 a kwana na uku bai kai a yi kuka ba. CRP wani sinadari ne a cikin jini, hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da jiki ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, wanda kuwa aka farka wa ciki aka yanke hanji dole nasa ya hau. Na mai lafiya ba ya wuce 10. Bayan aiki yakan yi ta hawa har kwana biyu zuwa uku, daga nan ya kama sauka, kuma saukar nan likitoci suke son gani. Idan gobe ya tsaya cak ko ya ƙara hawa, to ana tsoron ko inda aka haɗa hanjin aka ɗinke ya fara yoyo, kashi yana zuba cikin ciki. Yoyon nan ba ya nuna kansa da wuri. Sau da yawa sai kwana na biyar zuwa mako guda jiki yake rikicewa, alhali jinin ya riga ya faɗa tun kafin nan.

Mu ba wanda ya gaya mana haka. An yi wa maigida aiki, wurin haɗin yana can ƙasa kusa da dubura, wanda daga baya na ji shi ya fi saurin yoyo. An yi masa CRP sau ɗaya, ya fito da yawa, ba a sake ba saboda ƙarshen mako ya shigo, babban likitan kuma ya yi tafiya. Zazzaɓi ya fara rufe shi da yamma. Wani ƙaramin likita ya zo, ko cikin bai taɓa ba, daga bakin gado ya ce maleriya ce, Kaduna ce da damina, a yi masa allura. Na ce masa likita, mutumin nan zuciyarsa gudu take yi, ga na'ura nan tana nuna sama da 110, ga ciki ya yi tauri, tun jiya iska ba ta fita ba. Kafin ya buɗe baki nas ɗin da ke tare da shi ta juyo ta ce, "Hajiya, ke ce likitar ko shi? In kin iya ki ɗauki abinki ki tafi gida ki yi masa." A gaban surukata da ƙannensa ta faɗa. Wallahi har yau in na tuna fuskar matar nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na yafe wa mutane da yawa a rashin lafiyar nan, ita dai ban iya ba tukuna, Allah ya gani. Kuma ba ta tsaya nan ba, duk sanda na je teburinsu neman a zo a duba shi sai in ji tana ce wa 'yan'uwanta ga mai ƙorafin nan ta dawo.

Suka sallame mu, wai gado ake nema. Muna komawa gida Tudun Wada, cikin dare ya fara rawar sanyi har gadon yana motsi, gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf, ciki ya kumbura ya yi kamar ganga. Ramin da aka cire robar nan mai fitar da ruwa ya fara tsiyayar wani abu ruwan ƙasa, warinsa kaɗai ya ishe ki sanin ko mene ne. Yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu. Ba wuta, da fitilar waya nake duba shi, yara sun tashi suna kuka, maƙwabcinmu ne ya fito da mota muka kama hanyar Zariya kafin asuba. Can aka yi hoton CT, mai nuna cikin jiki, aka ga mugunya ta taru, aka sake buɗe shi aka wanke cikin, aka fito masa da hanji ta gefen ciki aka sa jakar da kashi zai riƙa zuba. Ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman. Filin da muka saya a Rigasa a nan ya tafi. Duk a kan gwajin da kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba.

Likitan da ya yi aikin na biyu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya zauna ya yi mini bayani. Akwai binciken da aka buga a 2014 a mujallar likitocin tiyata ta Birtaniya, an haɗa sakamakon mutane sama da 2,000. Suka ga idan CRP yana ƙasa da 172 a kwana na uku, ko ƙasa da 124 a kwana na huɗu, ko 144 a na biyar, kashi 97 cikin 100 ba su da yoyo. Waɗanda nasu ya haura kuwa, kusan ɗaya ne cikin huɗu ko biyar ake samu da shi. Kin ga Baba ya ɗan haura, amma an fi sa ran ba komai. Abin da ya nuna kawai shi ne ba a sallamarsa yanzu, a sa masa ido, in bai sauka ba a yi hoto. Ciwon huhu, ciwon mafitsara, ruɓewar bakin ɗinki, har maleriyar ma duk suna ɗaga shi, amma sai an tabbatar ciki lafiya kafin a ɗora wa sauro.

Ki duba takardar da kyau, mg/L aka rubuta ko mg/dL, don 19 a na biyun shi ne 190 a na farkon. Kuma wasu lab ɗin cikin gari fozitib ko negetib kawai suke rubutawa, wannan asarar kuɗi ce, kowa aka yi wa aiki fozitib zai fito. Ki ce mai lamba kike so, kuma a riƙa kai wa lab guda. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da lamba da zafin jiki da bugun zuciya, ki nuna wa babban likita da kanki in ya zo zagayen safe. Kada ki dogara da adadin fararen ƙwayoyin jini kaɗai, na maigida bai wani hau ba ranar da aka sallame mu. A cikin gwajin FBC ɗin nan na ƙidayar ƙwayoyin jini da ake yi kullum akwai nutirofil da limfosayit, wato ire-iren fararen ƙwayoyin jini biyu, in an yi lissafi an raba adadin na farko da na biyu amsar ta haura 5 wasu likitocin suna ƙara sa ido. Albumin ma, wani furotin na cikin jini, ki tambaya, in yana ƙasa da 35 ɗinki ba ya saurin kamawa. Akwai wani gwajin jinin, furokalsitonin, ya fi CRP nuna ƙwayar cuta, sai dai tsada kuma ba kowane lab ke yi ba. CEA da za su sa ku riƙa yi nan gaba daban ne, na bibiyar dajin ne.

'Yan dubiya kuma ki tsare ƙofa. Wannan ya zo da jiƙo, waccan da fura wai ya ji ƙarfi, kada ki bari komai ya shiga bakinsa sai abin da likita ya ce, ko da za a ce ba ki da kunya. Ni dangin miji sun yi ta faɗa mini magana a kan haka.

In ma Allah ya ƙaddara sai an sa jaka, ba ƙarshen rayuwa ba ne. Maigida ya yi watanni da ita, yana zuwa masallaci yana zuwa kasuwa, malamin da muka tambaya ya ce ya yi alwala kowace salla ya yi sallarsa, daga baya aka mayar da hanjin. Akwai ragowar jakunkuna a wurina da ba a buɗe ba, duk mai buƙata ta yi mini magana ta sirri. Ke kuma gobe in sakamakon ya fito ki turo mana lambar, tare da bugun zuciyarsa na safe.