Me ya sa ake yawan ambaton 1952 a tarihin tono kayan tarihi?

Mai tambaya, amsar ta fara daga Palenke, wani tsohon birnin mutanen Maya a Meksiko. Tun 1949 masanin kayan tarihi Alberto Ruz ya lura da ramuka a wani faifan dutse na daɓen haikali. Da aka ɗaga, sai ga matakala cike da ɓaraguzai da aka cusa da gangan. Kaka huɗu ana kwasa, sai ranar 15 ga Yuni 1952 ya shiga kabarin Sarki Pakal. Murfin akwatin dutsen ya kai mita 3.8 a tsayi, da jak na mota da kututturan itace aka ɗaga shi. Gawar na ciki da abin rufe fuska na koren dutse.

A shekarar ce masaniyar kayan tarihi Kathleen Kenyon ta soma aiki a Yariko, wani tsohon gari a Falasɗinu. Takan haƙa murabba'i mai mita 5, ta bar siririyar katangar ƙasa tsakanin ramuka don a karanta hawa-hawan ƙasa. Wannan a ganina ya fi komai amfani, domin wanda ya bi jikin bango yana haƙa ya raba shi da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa.

A Kumran kuma, kusa da Tekun Gishiri, an sami naɗaɗɗen rubutu na tagulla a Kogo na 3 a 1952. Tsatsa ta cinye shi, ba ya warwaruwa, sai a 1955 zuwa 1956 aka yanka shi gida 23 a Mancesta.

Michael Ventris, mai zanen gine-gine, shi ma a watan Yulin 1952 ya sanar a BBC cewa rubutun Linear B, wani daɗaɗɗen rubutu da aka kasa karantawa, tsohon Girkanci ne.